Gado Mai Tsallakar da Awaki

Duk wanda ya san Gado a Tasawa ya san abu biyu game da shi: gajere ne, kuma ba ya son a faɗa. Yana saurayi sau biyu yana zuwa Maradi neman shiga jandarma, sau biyu ana jingina shi da ma'auni a ce mishi saura yatsa biyu. A zuwa na biyu har tsumma ya cusa cikin takalmi, sai aka ce kowa ya tuɓe takalmi. Ya dawo gida da usur guda da ya saya tun kafin a auna shi, don ya riga ya gama hango kansa tsakiyar titi yana tsayar da motoci. Usur ya shiga ƙasan akwati, shi kuwa ya zama palanto, wato masinja, a wani biro, ofishin gwamnati. Ya share, ya kai takardu, ya dafa wa Direkte, shugaban wurin, shayi, biyar da rabi a tashi.

Albashin dai ga shi nan, da jan ciki yake kai su ƙarshen wata. Su biyu ne rak a gidan, shi da matarsa Zalika, shekara tara ba ko ɓatan wata. An sha sassaƙe, an sha rubutu, an je asibiti har an gaji. Sai da kowa ya fitar da rai, rannan Zalika ta fara yamutsa fuska tana cewa warin daddawa na tayar mata da zuciya. Ashe ciki ne! Ranar da aka tabbatar, Gado ya share biro sau biyu bai sani ba.

Labari ya kai Mayahi, garin su Zalika, sai ga yayanta, Alhaji Lamine mai sayen wake, ya zo murna. Dogo ne, ga murya, ga mota. Ba mugu ba ne wallahi, sai dai in zai yi maka alheri dole unguwa ta ji. A ƙofar gida, gaban maƙwabta ana shan shayi, ya dafa kafaɗar Gado ya ce:

"Kar ka sa wa ranka damuwa. Na san albashin naku. Ragon suna na ɗauke maka, in lokaci ya yi zan kawo."

Maƙwabta suka shiga sa albarka. Gado kuwa ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Kafin ya yi shawara da zuciyarsa baki ya riga ya buɗe.

"Na gode, Yaya Alhaji. Amma shekara tara nake jiran ragon nan. Daga gumina zai fito, in Allah ya yarda."

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya. "To madalla. Nawa dai yana nan ɗaure, ba inda za shi."

Da baƙi suka watse Zalika ta kawo wa Gado ruwa, ta zauna gefen tabarma tana kallonsa.

"Maigida, ka yi magana gaban mutane. Da me za ka saye shi?"

"Daga tashi aiki zuwa isha'i me nake yi ban da zaman fada?" in ji shi. "Wannan yammar zan sayar. Aiki zan nema."

Faɗa dai da sauƙi. Ya fara da tashar mota, wai ɗaukar kaya. Buhun wake na farko ya kai shi ƙasa, kwana biyu Zalika na gasa mishi baya da ruwan zafi. Wani abokinsa ya ara mishi moto, wato babur, ya gwada kabu-kabu. Tuƙi kam ya iya, tsayawa ce matsala, don ƙafa ba ta kai ƙasa. Fasinjansa na farko wani mahauci ne mai ƙiba, suka isa bakin kasuwa, Gado ya taka birki, suka kwanta su duka uku a hankali, shi da mahauci da moto. Ya je wurin Abdussalamu mai shayi wankin kofi, kwana uku aka sallame shi, wai yana jera masu shan shayi layi yana cewa kowa ya bi doka. Mako uku suka wuce a haka, cikin Zalika yana ta ƙara fitowa.

Wata yamma yana dawowa a ƙasa, ya iso bakin babbar kwalta da ke tafiya Damagaram daidai lokacin dawowar dabbobi.

Kowace safiya matan unguwarsu kan kora awakinsu da tumakinsu wurin Na Allah, makiyayin unguwa, ya tafi da su daji. Da la'asar sakaliya ya dawo da su, kowace dabba ta nufi ƙofar gidansu da kanta. Haka ake yi tun kaka da kakanni, ba matsala. Matsalar ita ce unguwar su Gado sabuwa ce, ƙetaren kwalta ta tsiro, Na Allah kuwa ya tsufa, gwiwa ta ƙi, kuma shi da mota ba sa ga maciji. Ya ce shi aikinsa bakin kwalta ya tsaya. Nan yake sakin dabbobi, kowace ta yi ta kanta tsakanin manyan motoci. Cikin wata guda awaki huɗu aka kwashe daga kan titin nan.

Gado ya hango wata ƙatuwar motar mai ta taho a guje, ga jajayen awaki sun fara zubowa kan kwalta. Bai san lokacin da ya yi tsalle ya tsaya tsakiyar titi ba. Ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya sa yatsu biyu a baki ya ƙwala fito. Birki ya yi kuka, mota ta ja tayoyi ta tsaya. Direba ya leƙo ya zage shi tas, har da kakanninsa. Gado ko gezau, hannu a sama, sai da akuyar ƙarshe ta haye sannan ya matsa gefe ya yi wa direba alamar ya wuce.

"Kai, ɗan nan! Zo nan."

Inna Kubra ce, mai tuyar ƙosai a bakin titi, kuma uwar asusun matan unguwa. Mace ce da in ta ce a zauna, ko mai gari sai ya nemi kujera.

"Ba kai ne mijin Zalika ba? Wa ya koya maka tsayar da mota?"

"Ba kowa, Inna. A jini yake."

"Gobe ma yana cikin jinin?"

Nan take aka gama magana. Kowace mai dabba za ta riƙa ba da ɗan abin da aka yanka duk mako, Inna Kubra ta tara ta damƙa mishi. Shi kuwa kullum, daga tashi aiki zuwa magariba, ya tsallakar da garke lafiya. Gado ya isa gida da sassarfa, ya juye akwati, ya zaro usur ɗin nan na shekara goma sha biyar. Ya busa, yana aiki. Zalika ta fito a firgice da ludayi a hannu tana tambayar ko gobara ce.

Ya samo riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran hanya, ya ɗaura jan tsumma a kan sanda. Motoci dai ba su ba shi wuya ba, direba in ya ga ja ya ji usur, ƙafarsa da kanta take neman birki. Awaki ne 'yan banza! Akuya ba ta san doka ba. Ya tare nan su ɓalle can, ya bi wannan waccan ta koma baya don ta ga ɓawon kankana. Kullum sai ya dawo gida jiƙe sharkaf, murya a dishe, Zalika ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. 'Yan fada suka sa mishi suna Jandarman Awaki. Yakan ɓata fuska in an faɗa, amma in ya juya baya sai ya gyara tsayuwa. Abu ɗaya dai, tun da ya fara ba akuyar da aka ƙara takewa.

Bayan mako shida, ran kasuwa, ya haɗa abin da ya samu ya tafi kara, inda ake sayar da dabbobi. Abin hannunsa bai kai na ƙosasshen rago ba, ko kusa. Ya dawo yana jan wani ramamme mai baƙin kai, kunne ɗaya a tsage, haƙarƙari duk a waje. Zalika ta zagaya shi sau ɗaya.

"Maigida, wannan rago ne ko alhaki?"

"Yana da wata uku a gabansa. Zai cika."

Ya kuwa cika. Matan unguwa wannan ta aiko da dusa, waccan da harawa, da safe ya bi garken Na Allah zuwa daji. In Gado ya dawo gida bayan magariba sai ya zauna tsakar gida da ƙuli-ƙuli a aljihu yana wasa da shi. Ya busa usur sau ɗaya ya hana shi motsi, ya busa sau biyu ya kira shi ya ba shi ƙuli. Ba da wata manufa ba, hira ce kawai ta mutumin da bai taɓa samun wanda zai ba umarni ba. Har suna ya sa mishi, Kumanda.

"Ka bar sa wa abin yanka suna," in ji Zalika. "Kai za ka sha wuya."

Bai ji ba.

To, daga wannan lokaci wani abin mamaki ya fara faruwa a bakin kwalta. Garke ya taho a guje, Gado ya busa sau ɗaya, sai ka ga sun yi cirko-cirko a bakin titi, ba mai sa ƙafa. Ya shiga tsakiya ya ɗaga jan tsumma, motoci su tsaya. Ya busa sau biyu, su zubo a jere su haye, ko minti biyu ba a yi. Mutane suka fara zuwa kallo. Cinikin Inna Kubra ya ninka. Aka tambayi Gado sirrin abin, ya gyara wuyan riga ya ce:

"Horo ne. Dabba ma in ta samu shugaba na gari tana bin doka."

Rannan wata farar mota ta taho, ya ɗaga tsumma, ta tsaya dab da shi. Ya duba da kyau. Direkte ne da kansa! Gilashi ya sauka a hankali.

"Gado? Me nake gani haka?"

Gudu ba dama, ga dabbobi na jira. Ya ƙame ya sara.

"Mushe Direkte, minti biyu. Ayari zai wuce."

Direkte ya zuba ido har garke ya haye. Can ya nuna wata akuya mai farin goshi ya ce, "Waccan ta Madam ce, ko? To ka kula da ita, in ta mutu ni ma ba zan kwana gida ba." Ya ja mota yana dariya. Washegari a biro, da Gado ya kawo shayi, Direkte ya ce, "Ajiye nan, mon kumandan," bai ƙara ko kalma ba.

A al'ada Mayahi Zalika za ta koma ta haihu gaban uwarta, tunda haihuwar fari ce. Ungozomar asibiti ta ce cikin da aka yi shekara tara ana nema ba za a ɗora shi kan mota ana jijjigawa ba, sai uwar ce ta tattaro kayanta ta zo. Wata Alhamis da hantsi Zalika ta sauka lafiya. Ɗiya mace, mai yawan gashi, mai ƙarfin murya.

Kai, Gado ya ga ta kansa a makon nan! 'Yar fari ce, dole ya yi kunya, ga suruka a gida. Ba dama ya yi dariya da yawa, ba dama ya ɗauke ta gaban mutane. In an ce mishi barka sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Barka dai," kamar akuyar maƙwabta ce ta haihu. Amma a yini sai ya shiga ɗakin sau goma, wai hularsa yake nema. Surukarsa ta gaji ta ce, "Malam, hular nan tana kanka tun safe." Ya fita sumui-sumui.

Ran Talata, saura kwana biyu suna, ya hana Kumanda fita kiwo. Ya wanke shi da sabulu, ya ɗaure shi gindin darbejiya, ya zuba mishi harawa. Ragon ya zama abin kallo, ƙirji ya buɗe, ƙaho ya murɗe. Yana ta cusa hanci cikin aljihun Gado, shi kuwa Gado yana ta kawar da kai. Kwana nawa ke nan ba ya iya haɗa ido da shi.

Da yamma ya tafi bakin aiki. Garke ya taho, ya busa sau ɗaya.

Ko akuya ɗaya ba ta tsaya ba.

Ya sake busawa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ina! Suka watsu kan kwalta ta ko'ina, wasu gaba wasu baya. Wata motar albasa ta kauce wa tunkiya har buhu biyu suka faɗo. Mata suka fito da ihu, Inna Kubra ta bar ƙosai na ƙonewa ta shiga kora da matsami. Da ƙyar da addu'a aka haye ba asara. Gado ya zauna kan dutse yana haki, yana jujjuya usur ko ya lalace ne.

Na Allah makiyayi ya ɗingiso ya tsaya kansa, ya dogara sanda.

"Malam Gado, ina ragon nan mai tsagaggen kunne?"

"Yana gida, Baba. Jibi suna."

"To ai shi suke bi. Kullum shi ke gaba, don aljihunka yake sauri. In ya tsaya su tsaya, in ya taka su taka. Sauran nan ba abin da suka sani game da usur."

"Baba, wata uku ina horar da su!"

"Wata uku kana horar da shi dai. Ni na daɗe da gani. Na ga kana jin daɗi ne, shi ya sa ban faɗa ba."

Gado ya dubi usur ɗin da ke hannunsa. Kunya ta rufe shi. Ashe duk garin nan mutum ɗaya ne ke jin umarninsa, shi ma rago ne, kuma jibi da safe zai miƙa shi ga wuƙa. Bai lura ba, Inna Kubra na tsaye bayansu da matsami a hannu, ta ji komai.

Laraba tun kafin a kora dabbobi aka yi sallama a ƙofar gida. Gado ya fito ya tarar da mata sun fi goma, Inna Kubra a gaba.

"Ɗan nan, ceto muka zo. Ragon nan ba za a yanka shi ba."

"Haba Inna! Gobe suna. Da me zan yi?"

"Mun yi shawara. Asusu zai ba ka wani."

Gado ya girgiza kai. "Ku yi haƙuri, Inna. Na yi magana gaban mutane, na ce daga gumina zai fito. In kyauta zan karɓa, ai da ta Yaya Alhaji na karɓa tun farko, da ban sha faɗuwa a moto ba."

"To awakinmu fa? Ka ga abin da ya faru jiya!"

Ya gani. Ya kuma san in aka yanka Kumanda, kafin ya horar da wani sai an kwashe gawar akuya ba ɗaya ba. Amma gobe Alhaji Lamine zai zo, maƙwabtan da suka ji maganarsa duk za su zo. Ya tsaya tsuru-tsuru tsakanin mata da rago, gumi na bin bayansa. Aka yi ta ja, su ce kyauta, ya ce a'a, har muryoyi suka fara tashi.

Sai murya ta fito daga bayan labule. Zalika ce, mai jego, tana zaune bakin gado da jaririya a cinya.

"Inna, ku daina ce mishi kyauta. Ku taya."

Mata suka juya suna kallon labule, ta ci gaba:

"Wa ya sayo ragon nan yana ƙashi da fata? Wa ya koya mishi aiki? Ragon da ya iya aiki ai ba kuɗin nama ake sayensa ba. In kuna so ku saya, mai shi ya sayar, ya sayi na yanka da abinsa. Ina kyauta a nan?"

Inna Kubra ta kama haɓa. Gado ya dubi labule, ya dubi Kumanda. A hankali kafaɗunsa suka miƙe. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar dillalin kara.

"To, Inna. Me kuka zo da shi?"

Aka jawo wani rago madaidaici daga waje, ba laifi, kusan girman Kumanda. Gado ya taɓa gadon bayansa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora.

"Ya iya tsayawa in an busa?"

"Kai, ɗan nan, yanka shi za ka yi!"

"Albarka."

"Albarka? Mu za ka ce wa albarka?"

"Inna, nawa ma'aikaci ne. Duk Tasawa ku nemo mini na biyunsa."

Wayyo, zo ka ji bakin mata! Aka ce ashe gajeren nan mugun ɗan kasuwa ne, aka ce dusarmu ragon ya ci ya yi ƙiba, aka ce Allah ya isa harawata. Gado ya ce dusar ma ladan aikinsa ce. Suka ƙara mishi da ɗan bunsuru, ya ce albarka. Zalika na ciki tana toshe baki da zane kar sautin dariyarta ya fito, uwarta na harararta. Daga ƙarshe Inna Kubra ta juya ta dubi wata mata mai suna Binta, wadda ke kiwon turke don Layya.

"Binta, je ki kwanto farin. Asusu zai biya ki. In ba haka ba mutumin nan zai sa mu yini a nan."

Da aka shigo da farin sai da aka buɗe ƙyauren gida duka biyu. Balami ne, fari fat, tsayinsa ya kai ƙugun Gado har ya ɗan wuce. Gado ya zagaya shi, ya haɗiye miyau, ya yi ƙoƙari fuskarsa kar ta tona shi.

"Na sallama," in ji shi. "Amma ƙuli-ƙulin Kumanda daga yau a kanku yake."

"Allah ya sa albarka, marowaci," in ji Inna Kubra. Ta kwance igiyar Kumanda da hannunta, aka kora shi ya bi garke. Yana fita ya waiwayo ya yi kuka sau ɗaya, Gado ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa.

Ran suna da sassafe, mutane sun cika tabarmi ana raba goro da dabino, sai ga motar Alhaji Lamine. A bayanta ga rago ɗaure, ya zo da shi ko da za a ji kunya. Ya sauko yana gyara babbar riga, idonsa ya faɗa kan farin balami gindin darbejiya. Ya tsaya. Ya waiwayi nasa, ya sake duban wannan.

"Gado, na wane ne wancan?"

"Nawa ne, Yaya Alhaji. Nawa na sayar na sayi wannan."

Maƙwabta suka ba shi labari, kowa na ƙara gishiri. Alhaji ya saurara har ƙarshe. Ya matsa wurin direbansa ya ce a hankali, karo na farko a rayuwarsa da ya yi magana unguwa ba ta ji ba, "Bar shi cikin motar." Sannan ya dawo ya kama hannun Gado da hannu biyu ya ce, "Ka cika magana." Liman ya yi addu'a, aka yanka rago, aka sanar da suna: Surayya. Kowa ya maimaita, ban da Gado, wanda ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙwallon dabino. Uba ba ya kama sunan 'yar fari.

Aka yini ana ci ana sha. Da la'asar ta yi sanyi aka nemi mai gida aka rasa. Yana bakin kwalta, sabuwar shadda a jiki, rigar ƙyalli a kai, jan tsumma a hannu. Garke ya taho, Kumanda a gaba da tsagaggen kunnensa. Gado ya busa sau ɗaya, rago ya ƙame, dabbobi suka taru bayansa. Ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga tsumma. Motar farko da ta tsaya ta Alhaji Lamine ce, za shi gida, ragonsa na baya yana ta kuka. Bayanta wata babbar motar kaya ta tsaya, direban baƙo ne, bai san garin ba. Ya danna oda, ya leƙo kai.

"Wai wane ne wannan ɗan guntun da ya tare mana hanya?"

Inna Kubra ta miƙe daga bakin kasko, matsami a sama.

"Kai, iya bakinka! Baban Surayya ne!"

Usur na bakin Gado, ya ja numfashi zai busa, numfashin ya ƙi fita. An kira shi palanto, an kira shi gajere, an kira shi Jandarman Awaki. Shekara tara ba wanda ya taɓa kiransa baban kowa. Ya tsaya tsakiyar kwalta hannu a sama, titi ya yi mishi dishi-dishi, daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Motoci na jira ta nan, na jira ta can. Kumanda ya kafa mishi ido, bai motsa ba, garke duka bai motsa ba.

Alhaji Lamine ya leƙo ta taga. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce:

"Busa mana, Baban Surayya. Magariba ta kusa."

Gado ya sauke jan tsumman ya goge ido da shi, ya sake ɗagawa, ya busa sau biyu.